Akwatin kifi tsakanin hunturu da hidimar biki

Shekara biyar ke nan ina kiwon kifin ado a falonmu a Zariya, cikin akwatin gilashi mai cin lita 80, kuma babu watan da yake ɗaga mini hankali kamar Disamba. A cikinsa ne makarantu suke ba da hutu, 'yan uwa su cika gida, katunan ɗaurin aure su taru a kan tebur, sannan hunturu ya sauko da sanyinsa da ƙurarsa, daidai lokacin da mutum ba shi da sukunin tsayawa ya dubi ruwa.

Bara waccan mun tafi biki Katsina na kwana biyar, na bar wa ɗan ƙanwata amanar kifayen. Da muka dawo na tarar ruwan ya yi fari kamar na wankin shinkafa, kifaye huɗu sun mutu, sauran sun taru a sama suna haki, gwangwanin abincin da yakan kai mu wata biyu kuwa ya kusa kai rabi. Da na tambaye shi, sai ya ce, “Wallahi Kawu, duk sanda na gifta sai su taso suna roƙo, ni kuma tausayinsu nake ji.” Ban iya yi masa faɗa ba, domin ni ne ban bayyana masa cewa kifi yana tasowa ko da ya ƙoshi ba.

Abin da ya faru a ruwan ba ɓoyayye ba ne. Ragowar abinci da kashin kifi suna ruɓewa su zama amoniya, wadda take ƙona sassan da suke gefen kan kifi, waɗanda yake numfashi da su. Akwai bakteriya masu amfani da suke zaune a cikin soson filta, wato na'urar tace ruwan, waɗanda suke mayar da amoniyar zuwa naitirait, shi ma guba ne, daga nan zuwa naitiret, wanda cutarwarsa kaɗan ce kuma canjin ruwa yake rage shi. Idan abincin ya fi ƙarfinsu, ko aka ɗauke wuta filta ta tsaya tsawon sa'o'i har suka rasa iska, guba takan taru. Babban kifi mai lafiya kuwa yana iya yin mako guda bai ci komai ba. Saboda haka yanzu idan zan yi tafiya nakan ƙunshe abincin a 'yan takardu, ƙunshi ɗaya na kwana biyu, wanda bai wuce abin da za su cinye cikin minti biyu ba, in kulle gwangwanin a ɗakina.

Sanyi shi ne ya fi yaudara, domin da rana falo yakan yi ɗumi har mutum ya sakankance, amma da asuba ma'auni a waje yakan sauka ƙasa da digiri 15. Gupi da moli irin nawa kifayen ƙasashe masu zafi ne, sun fi son ruwa tsakanin digiri 24 da 27, kuma hawa da saukar da ake yi tsakanin dare da rana yana raunana su har cutar farin ɗigo ta samu ƙofa, a ga jikinsu kamar an barbaɗa gishiri suna goga shi a duwatsu. Golfish ya fi jure sanyi, shi ya sa nake ba masu farawa shawarar su fara da shi. Hita mai wat 100 ta wadatar da akwatina idan akwai wuta. Idan babu, nakan lulluɓe gilashin da bargo tun bayan sallar isha, in saka gorar roba cike da ruwan ɗumi ta yi ta yawo a ciki, in kunna ƙaramin famfon iska mai batir.

Iskar hunturu busasshiya ce, tana shanye ruwa da sauri, kuma abin da ya ƙafe yakan bar gishirinsa da dattinsa a baya, don haka ciko kaɗai ba ya maye gurbin canji. Kwana biyu kafin tafiya nakan kwashe kashi ɗaya cikin huɗu, in zuba ruwan famfo da ya kwana a buɗaɗɗen bokiti a cikin ɗaki har kulorin, sinadarin da ake zuba wa ruwan famfo, ya fice, in matse soson filta a tsohon ruwan da na kwashe, ba a ƙarƙashin famfo ba. Murfi kuwa yana tare ƙura, yana kuma tare hannun yaran baƙi, waɗanda na taɓa kama ɗaya daga cikinsu yana gutsura wa kifaye cincin.

Abin da na fi yi wa kashedi a gidan shi ne maganin sauro na feshi, domin sinadarin da yake cikinsa yana kashe kifi ko da ɗan kaɗan ne ya sauka a ruwa, famfon iska kuma zuƙo shi yake yi ya tura ciki. Uwargida ta san dokar: kafin a fesa a falo sai an kashe famfon an rufe akwatin da zane, kuma kaskon turaren wutar da take zagayawa da shi kafin isowar baƙi ba ya tsayawa a kusurwar da kifayen suke.