Daƙiƙa uku na fuskar uwar ango

Ina shekara ta biyu a shagon maigidana a Kano, ina koyon tace bidiyo, aka kawo mana aikin wani biki. Abin da masu kyamara biyu suka ɗauko ya kai awa shida, tun daga kamu har kai amarya, aka ce in mayar da shi minti arba'in. Daidai inda amarya ta shigo fili, ƙawaye na biye da ita ana rangaɗa guɗa, sai hoton ya girgiza, da alama wani ne ya bangaji mai ɗauka. Ina neman abin da zan rufe wurin da shi, sai na ci karo da hoton uwar ango a kusa. Haske ya zauna mata, ɗaurin ɗankwalinta ya fito ɗas. Na yanko daƙiƙa uku na liƙa. A cikin daƙiƙa ukun nan ta ɗan yamutsa fuska ta kau da kai gefe. Na gani, amma hankalina yana kan girgizar.

Kwana huɗu da bayar da aikin, wan amarya ya zo shagon, ko zama bai yi ba. Dangi sun taru sun kalla, kowa ya ga 'yarsu ta shigo, surukarta ta ɓata rai ta kau da kai. Magana ta kai gidan ango. Hajiya na rantsuwa ba ta yi ba, ana ce mata ai ga shi a faifai, gani ya kori ji. Maigida ya sa na buɗe ainihin ɗaukar muka bi ta a hankali. Ashe kusan awa guda kafin isowar amarya aka ɗauki wannan fuskar, lokacin da hayaƙin janareta ya buso wajen da manyan mata suke zaune. Sa'ad da amarya ta shigo kuwa, kyamara ta biyu ta nuna Hajiya a tsaye tana yi mata liƙi.

Maigida ya ɗauki kwamfutar da kansa muka je gidajen biyu. Ya durƙusa ya gaida Hajiya, ya ce, "Laifinmu ne, Hajiya, a gafarce mu." A hanyar dawowa bai yi mini faɗa ba. Abin da ya ce kawai shi ne, "Yaro, duk hoton da ka sa na gaskiya ne, amma ka sa wa baiwar Allah magana a baki."

Sai bayan wasu shekaru, da na fara bin tarihin sana'ar a waya da daddare, na gano cewa an taɓa gwada wannan abin da gangan. A Mosko ne, 'yan shekaru bayan juyin juya halin 1917. An buɗe makarantar koyon fim a 1919, ga ɗalibai, amma zaren fim, wato doguwar robar da ake ɗaukar hoto a kanta, ya yi ƙaranci a Rasha, babu abin ɗauka. Sai wani matashin malami, Lev Kuleshov, ya sa su kwance tsofaffin finafinai suna sake jera su. Yadda ɗalibinsa Pudovkin ya bayar da labari, sun ɗauko fuskar shahararren ɗan wasa Ivan Mozzhukhin daga wani tsohon fim, fuska shiru, ba fara'a ba fushi. Suka haɗa ta da kwanon romo, suka sake haɗa ta da gawar wata mata a akwati, sannan da wata yarinya tana wasa. Masu kallo suka yi ta yaba gwanintar mutumin: a nan ya lula tunani, a nan baƙin ciki ya cika masa ido, a nan har da ɗan murmushi. Alhali fuskar ɗaya ce. Ina gama karantawa na ajiye wayar, Hajiya kawai nake gani.

Daga nan na koma can farko, in ga yadda aka yi har almakashi ya samu wannan ƙarfi. Mutanen farko ba sa yanka komai. Ranar 28 ga Disamba 1895, da Auguste da Louis Lumière suka haska wa 'yan kallo masu biyan kuɗi finafinansu a Grand Café da ke Paris, kowane fim bai cika minti ɗaya ba, iyakar abin da zare mai tsawon mita 17 zai ɗauka ke nan. A kafa kyamara a ƙofar masana'anta, ma'aikata su fito, zare ya ƙare, fim ya ƙare. Georges Méliès, wanda asalinsa mai siddabaru ne a dandamali, ya ce wata rana kyamararsa ta cije yana ɗaukar titi, da ya wanke zaren sai ya ga keken dokin haya ya rikiɗe ya zama keken ɗaukar gawa. Masu binciken da suka duba zarensa daga baya sun tarar da alamar yanka da gam a daidai wuraren siddabarun. Ko da sa'a ce ta nuna masa hanya, hannu ne ya zauna ya daidaita hoto da hoto. A Ingila kuma, a 1900, George Albert Smith ya nuna yaro yana leƙa gilashin karatun kakarsa, sai a yanka a nuna abin da yake gani ya cika allo: cikin agogo, tsuntsu a keji, idon kakar. Duk lokacin da na nuna jaruma ta kalli waya sannan na nuna saƙon, gadon wannan mutumin nake ci.

Wanda na fi daɗewa a kansa shi ne Edwin Porter na kamfanin Edison a Amurka. A 1903 ya yi ɗan gajeren fim a kan 'yan kwana-kwana. Gobara ta kama gida, uwa da ɗanta na ciki. Porter ya nuna ceton gaba ɗaya daga cikin ɗaki, tun shigowar ɗan kwana-kwana har fitar da su ta taga. Da ya gama, sai ya koma waje ya sake nuna ceton daga farko. Abu ɗaya, sau biyu. Daga baya wani ya sake tace fim ɗin ya sarƙa ciki da waje, masana suka shekara da shekaru suna yaba wa Porter a kan abin da bai yi ba, har sai da aka duba kwafin da aka ajiye a ɗakin karatu na majalisar Amurka tun lokacin fitowarsa. Ni abin da ya taɓa ni shi ne dalilin da nake ganin ya sa ya maimaita: bai gama yarda cewa mai kallo zai haɗa sauran da kansa ba.

Wannan rashin yardar na gane shi, domin da shi na tashi. A finafinanmu na Hausa sai ka ga mutum ya fito daga gida, ya buɗe mota, ya tayar, ya fita layi, ya hau titi, ya isa, ya faka, ya rufe ƙofa. Na sha barin duk wannan, wani lokaci don furodusa na son fim ya kai kashi biyu, wani lokaci don tsoron kada a ce an yi tsalle. Yanzu ina yankewa: ya ɗauki makulli, sai ga shi yana sallama. Ba wanda ya taɓa ɓacewa. Amma akwai inda na ƙi bin ƙa'idar littattafan waje, masu cewa a shiga zance a tsakiyarsa. Gaisuwa a wurinmu tana ɗauke da labari. Yadda suruki ya amsa sallama, ko ya ce "bismillah, zauna" ko ya bar mutum a tsugune, ya riga ya gaya wa Bahaushe yadda maganar auren za ta ƙare. Tafiyar mota nake cirewa, gaisuwa kuwa sai na saurare ta tukuna.

Sarƙa wurare biyu a lokaci ɗaya, abin da Porter bai yi ba a wancan fim, D. W. Griffith ne ya goge a kansa a ɗaruruwan gajerun finafinan da ya yi wa kamfanin Biograph daga 1908 zuwa 1913. Nan wanda ke cikin haɗari, nan mai zuwa ceto, kowane yanka ya fi na baya gajarta har numfashin mai kallo ya ɗauke. A 1915 ya zuba wannan gwaninta a fim ɗin The Birth of a Nation, inda masu zuwa ceton su ne mahaya dawakin Ku Klux Klan, ƙungiyar Turawan Amurka masu ƙin baƙar fata, abin tsoron kuma baƙar fata, da yawansu ma Turawa ne aka shafa wa baƙi a fuska. Ƙungiyar NAACP, mai kare haƙƙin baƙar fata a Amurka, ta yi zanga-zanga a kansa. A shekarar nan aka sake kafa Klan a jihar Georgia, kuma sun daɗe suna haska fim ɗin don jan mabiya. Na kalli ƙarshensa sau ɗaya. Ni da nake baƙar fata, na san abin da ake nufi da ni a ciki, amma duk da haka na ji saurin yankan yana jan zuciyata ta bi dawakan. Wannan ya tsorata ni fiye da kowane darasi. Na ji sanyi da na gano cewa a 1920 Oscar Micheaux, baƙar fatar Amurka, ya mayar da martani da irin wannan dabarar, ya sarƙa hotunan rataye wasu ma'aurata baƙar fata da na Baturen da ke neman keta haddin 'yarsu.

Su wa ke riƙe da almakashin a wancan zamani? Da yawa mata ne, saboda an ɗauki aikin kamar ɗinki. Margaret Booth ta fara a 1915 tana haɗa zare a wurin Griffith, ta kai ga zama shugabar masu tacewa a kamfanin MGM shekaru kusan talatin, aka ba ta lambar girmamawa ta Oscar a 1978. Kafin injin Moviola na duba zare ya shigo a 1924, ɗaga zaren ake yi a gaban fitila ana jan sa ta cikin yatsu, kowace ƙafa ɗaya ta tsawon zaren hoto 16 ce. Booth ta ce ƙirge take yi kamar mai bin kiɗa don ta san inda za ta yanka. Zaren kuma mai saurin kamawa da wuta ne, kowane yanka yana cin kuɗi da lokaci, dole mutum ya yi tunani kafin ya sa hannu. Maigidana ya ɗanɗani irin wannan. Lokacin da finafinan bidiyo suka fara a Kano wajen 1990, da na'urar kaset biyu ake tacewa, ɗaya na kunnawa ɗaya na naɗa, in ka yi kuskure a tsakiya sai ka sake duk abin da ya biyo baya. Ni kuwa a kwamfuta na buɗe ido, inda maɓalli ɗaya ke goge kuskure, shi ya sa hannuna ya riga tunanina ranar bikin nan.

A fim ɗin wasa kullum ina amfani da abin da Kuleshov ya gano, kuma ina jin daɗinsa. Jarumar da hawaye ya ƙi zuwa mata, sai in riƙe fuskarta shiru, in nuna shimfiɗar jariri babu kowa a kai, in dawo kanta. Masu kallo su ce ta iya kuka. A nan kowa ya san wasa ne, ita ma ta yarda a yi da fuskarta. Biki da hira da taron siyasa daban ne, fuskokin na mutane ne da za su koma gida su ci gaba da zama da juna.

Yanzu ba na taɓa aiki sai na kalli ɗaukar gaba ɗaya da biro a hannu. Yaron da ke koyo a wurina ma aikin farko da na ba shi ke nan, ya rubuta ƙarfe nawa aka ɗauki kowace fuska. A watan jiya ya kira ni: "Yallaɓai, zo ka ga baban amarya yana share ido. Da mun sa shi a wajen kai amarya, da kowa sai ya yi kuka." Na duba takardarsa, ƙarfe sha ɗaya na safe aka ɗauka, a ƙofar masallaci, ana gama shafa fatiha. Hoton ya yi kyau ƙwarai, kuma yaron ya yi gaskiya, da ya fi tasiri da daddare. Muka bar shi a ƙofar masallacin.