Wuƙar da Baba Alhaji bai taɓa riƙewa ba

A takarda, binciken digirina na biyu a Malesiya ba wani abu ne mai wuya ba. Mutum ya riƙe wuƙa mai mariƙin roba na ɗan lokaci, in goge mariƙin da tsinken auduga, in fitar da DNA, in auna yawan abin da hannunsa ya bari, sannan in ga ko zafi da laimar ƙasar suna saurin lalata shi. Masu sa kai ban sha wahalar samun su ba, 'yan uwanmu ne ɗaliban Arewa da muke haɗuwa a masallaci. Fitar da DNA da saka shi a injin PCR, mai ninka shi har ya isa a karanta, duk sun tafi lafiya lau. A wajen karanta sakamako ne aka yi ta.

Wanda ya taɓa zama gaban kwamfutar da ke nuna sakamakon ya san yadda zanen tambarin DNA yake, wato jerin tsinukan da ke bambanta mutum da wani. A kowane gurbi da ake dubawa a jikin DNA, mutum ɗaya tsini biyu yake bayarwa, ɗaya daga uwa ɗaya daga uba, ko tsini ɗaya idan gadon ya zo iri ɗaya. Ni kuwa sai na fara ganin uku, wani wurin huɗu. Gauraye ba baƙon abu ba ne a aikin DNA na abin da aka taɓa, don haka da farko ban damu ba. Abin da ya tayar mini da hankali shi ne da na cire tsinukan wanda ya riƙe wuƙar, ragowar da ke fitowa iri ɗaya ce a wuƙaƙen mutane daban-daban. Namiji ne, alamar Y ta maza tana nan tsaye. A wuƙa ɗaya ma tsinukansa sun fi na mai riƙon tsayi nesa ba kusa ba. Da a ce wuƙar nan daga wurin kisa aka ɗauko ta, wannan mutumin za a fara nema.

Aka gwada shi da tambarin duk ma'aikatan ɗakin gwajin, har da ni, bai dace da kowa ba. Kwalaben da muke sakawa babu komai a ciki don kama gurɓata sun fito fes. Gogen da aka yi wa wuƙaƙen kafin a miƙa wa kowa shi ma fes. Duk da haka shugaban ɗakin ya kafe cewa gurɓata ce, kuma labarin Jamus ya riƙe hujja. Daga 1993 zuwa 2009 'yan sanda a Jamus da Ostiriya da Faransa sun yi ta farautar wata mace da DNA ɗinta ya bayyana a wuraren laifi kusan 40, ciki har da kisan wata 'yar sanda a Heilbronn a 2007. A ƙarshe aka gano ma'aikaciya ce a masana'antar da ake shirya tsinken audugar. An kashe ƙwayoyin cuta a jikin audugar, amma hakan ba ya rusa DNA. Daga baya ne a 2016 aka fitar da ƙa'idar ISO 18385 domin irin waɗannan kayan aiki. Labarin gaskiya ne, kuma tsoronsa yana kan hanya. Sai dai audugar tamu an gwada ta, ba ta ɗauke da kowa.

Aka dakatar da aikina. Aka zubar da kwalin auduga, aka sayo sabo, aka wanke ɗaki da bilic tun daga tebur har mariƙin firji, aka sake komai daga farko da sinadaran da kuɗinsu daga ɗan tallafin bincikena yake fita. Kwalin sinadaran nan ba arha ba ne, duk kwalbar da ka ɓata ka san ka ɓata. Wannan ma da sauƙi. Abin da har yau yake ci mini rai shi ne yarinyar da ke wanke wuƙaƙen tana haska su da fitilar da ke lalata DNA. A gaban kowa aka ce sakacinta ne, alhali gogen da ke nuna ta yi aikinta daidai yana cikin fayil. Na faɗi haka a taron, aka ce ni ɗalibi ne. Aka sake gwajin, mutumin ya sake fitowa.

A cikin wannan zaman jiran na koma na karanta takardar Roland van Oorschot da Maxwell Jones ta 1997 daga farko har ƙarshe. Kowa a fagen nan yana ambatonta a gabatarwar bincikensa, yawanci a layi ɗaya: su ne suka nuna ana iya samun DNA daga abin da aka taɓa kawai. Van Oorschot masanin kimiyya ne a sashen binciken laifuka na 'yan sandan jihar Victoria a Ostireliya, kuma takardar ba ta da tsawo, a mujallar Nature ta fito. Lokacin da Alec Jeffreys ya gano tambarin DNA a Leicester a 1984, sai an sami tabon jini ko maniyyi da ido ke gani. Shekara 13 bayan haka waɗannan biyun suka goge alƙalami, makullin mota, mariƙin jaka da kan tarho, suka fitar da tambarin masu su. 'Yan sandan duniya suka yi murna da wannan rabin. Amma a cikin takardar dai akwai ɗaya rabin, kuma shi ne nawa. Sun sa mutane sun gaisa hannu da hannu na minti ɗaya, suka tarar DNA ɗin wani ya koma tafin ɗayan. Sun miƙa kwalbar roba daga hannu zuwa hannu, suka ga tambarin da ya fi ƙarfi ba lallai ne ya zama na wanda ya riƙe ta a ƙarshe ba. Tun ranar da suka buɗe ƙofar suka yi gargaɗin abin da zai biyo ta.

Van Oorschot bai tsaya nan ba. Shi da ɗalibansa, irin su Mariya Goray, sun shafe shekaru suna auna yadda DNA ke tashi daga wannan ya sauka a wancan: danye ya fi busasshe tafiya, abu mai santsi kamar roba ko gilashi ya fi yadi sakin abin da ke jikinsa, gogayya tana ƙara yawan abin da ke wucewa. A 2015 sun zaunar da mutane uku-uku a tebur da jug ɗaya na lemo da kofuna, suka tarar da DNA a kan abubuwan da masu shi ba su taɓa ba. Idan ka tuna ƙwayar halitta ɗaya DNA ɗan mitsitsi take ɗauke da shi, kusan fikogiram shida kacal, kuma injinan yanzu suna iya karanta ƙwayoyi 'yan kaɗan, sai ka ga babu abin mamaki a ciki.

Sai na fara duba ranaku. Mutumin da ba mu sani ba yana fitowa ne a wuƙaƙen wasu ranaku, wasu ranakun babu shi. Na sauka ƙasa in tarbi masu sa kai a bakin ƙofar gini, abin da ban saba yi ba don a sama nake jiransu da safar hannu. Mota ta tsaya, Baba Alhaji ya fito. Dattijo ne mai digiri na uku a wani fanni da ba ruwansa da mu, shi kaɗai ke da mota a cikinmu, duk mai uzuri shi ke kai shi. Ya bi yaran ɗaya bayan ɗaya yana sallama da su. Irin musabahar manya, ya kama hannunka da hannu biyu bai saki ba sai ya gama: Allah ya ba da sa'a, a gaida malamin, in an gama a kira ni. Daga nan suka hau bene, suka shiga, aka miƙa musu wuƙa. Waɗanda suke zuwa a bas su ne wuƙaƙensu ke fitowa da tsabta.

Ban iya jira ba, na ƙarasa na durƙusa na gaishe shi.

"Baba, wata alfarma nake nema. Ina so a goge cikin kumatunka da auduga."

"Ikon Allah. Ni da ko ɗakin naku ban taɓa leƙawa ba, ɗana?"

"Shi ya sa, Baba."

Sai da na koma kwamitin ɗa'a aka ƙara sunansa a takardar izini, ya sa hannu, sannan aka ɗauka. Gurbi bayan gurbi, babu inda ya saɓa. Wuƙar da tsinukansa suka fi tsayi ta wani yaro ce mai busasshen hannu da kusan ba ya barin komai a duk abin da ya taɓa. Tun 2002 masu bincike a Ingila suka nuna mutane sun bambanta a wannan, wani mai zubar da DNA ne sosai, wani kuwa da ƙyar. Baba yana cikin na farko, ga gumin tuƙi a ranar Malesiya.

Daɗin da na ji ranar ba ya faɗuwa, amma bai daɗe ba tsoro ya maye gurbinsa. A 2012 a Kalifoniya an kama wani marar gida da laifin kisan wani attajiri saboda an sami DNA ɗinsa a farcen mamacin. Ya yi kusan wata biyar a tsare kafin takardun asibiti su nuna a daren yana kwance a gadon asibiti. Ma'aikatan motar asibitin da suka ɗauke shi su ne suka je kan gawar bayan 'yan sa'o'i. Shi takardar asibiti ta cece shi. Baba Alhaji wace takarda ce za ta nuna hannu kawai ya ba yaro a bakin ƙofa? Mu da muke musabaha daga fitowa sallar asuba har a kwanta, buta ɗaya a masallaci, ludayi ɗaya a kwaryar fura, babur ɗaya a hannun mutum uku. Legas ta buɗe cibiyar gwajin DNA a 2017, wata rana aikin zai yawaita a kotunanmu na Arewa, kuma ina fargabar alƙali ko lauya da zai ji an ce tambari ya dace ya ɗauka magana ta ƙare. Gwajin yana faɗin na wane ne. Yadda ya zo wurin da lokacin da ya zo, injin ba ya faɗi, kuma a kan wannan ne van Oorschot ya ƙarar da mafi yawan aikinsa.

Duk wanda zai yi irin wannan bincike, tun kafin ya buɗe kwalbar farko ya tambayi mai sa kai: da wa ka gaisa, a motar wa ka zo, wa kuke kwana ɗaki ɗaya, yaushe ka yi alwala. Ya goge tafin hannun kafin a riƙe komai, ya ajiye gogen ko da ba zai gwada shi nan take ba. Da ina da gogen tafin nan, da kwalba ɗaya ta raba gardama, da ba a zubar da auduga ba, da ba a taɓa kuɗin tallafina ba. Kuma idan kwalaben kama gurɓata suka fito da tsabta, a yarda da su, a nemi amsar a wajen ɗaki kafin a ɗora wa ƙaramin ma'aikaci laifi.

Na sauya taken binciken ya koma kan musabaha, aka ƙara mini zango ɗaya na biya daga aljihuna. Ranar da na gabatar da sakamakon, shugaban ɗakin ya ce abin sha'awa ne ƙwarai. Yarinyar tana zaune a layin baya, kuma har na bar ƙasar ban ji ya ba ta haƙuri ba.