Daga Kano zuwa Abuja a Lexus ɗin Kawu

Kawu ne ya sa ni wannan tafiya. Yana da ɗaurin aure a Abuja, direbansa ya tafi ganin gida, shi kuma tun da ido ya fara yi masa gardama ya haƙura da doguwar hanya. Da ya aiko kirana ban tsaya jan rai ba, don na daɗe ina son in ji yadda motar nan tasa take a hannu. Lexus ES 350 ce ƙirar 2014, ruwan toka, 'yar Amurka, wadda ya saya da ya ajiye aiki. A majalisarmu an sha musu a kan irinta: mota ce ta shiga kullum, a kai yara makaranta a wuce ofis a biya kasuwa, ko kuwa ta Juma'a da ranar biki ce kawai?

Muna idar da sallar asuba muka cika tanki muka hau titin Zariya. Na buɗe masa ƙofar baya, ya ce, "A'a, ɗana, ba zan mai da kai direba ba," ya zagayo ya zauna a gaba.

Tun kafin mu fita Na'ibawa na lura motar ba ta manta ƙasar da ta fito ba. Manyan lambobin agogon gudu mil suke ƙirgawa, na kilomita ƙanana ne a ciki, sai ka ƙura ido. Wanda ya saba da motar da ke ƙirga kilomita, in ya ga allura a kan 70 sai ya ɗauka lallaɓawa yake, alhali ya haura kilomita 110 a awa, ya wuce 100 ɗin da doka ta yanke wa motar gida a babbar hanya. Zafin gari ma da ma'aunin Amurkawa take faɗarsa: da rana ta take ta nuna 100, wato wajen digiri 38 a namu. Rediyon kuma tsalle yake daga mara zuwa mara, 99.3, 99.5, 99.7, don haka Freedom ta Kano ta kamu tangaram a 99.5, amma tashar da lambarta ta ƙare da cika sai dai a haƙura.

Daga Kwanar Dawaki zuwa Kura hanya sabuwa ce, kuma a nan motar ta nuna abin da aka yi ta dominsa. Shiru. Ba ka jin inji, iska ba ta kuka a gilashi, ƙarar taya can ƙasa-ƙasa. Kawu ba mai ɗaga murya ba ne, amma duk labarin da ya ɗauko na zamanin aikinsa ban ce masa "na'am?" ko sau ɗaya ba. Tirela ta wuce mu ta ɗaya hannun, sai dai na gan ta. Sai dai shirun nan da haɗarinsa, domin ɓoye gudu yake. A tsohuwar motata sitiyari ne yake fara rawa ya gaya mini na wuce gona da iri. Wannan ba ta faɗa, kai ne za ka riƙa duban allura.

Injin mai silinda shida ne, lita 3.5, wanda Toyota ke kira 2GR-FE, ƙarfin doki 268, da giya shida mai canza kanta, kuma tayoyin gaba ne ke ja. Wajen Kwanar Gafan, inda kwandunan tumatir suka cinye gefen titi, manyan motoci suka yi jerin gwano, na sami sarari na taka totur. Ta ɗan yi jim, giya ta sauko, sai ga mu mun bar su a baya ba tare da wani ruri ba. Akwai wani maɓalli da ake murɗawa, Eco, Normal da Sport. Na gwada Sport, totur ya ƙara saurin amsawa, sitiyari ya ɗan yi nauyi, amma halinta bai canza ba. Ba motar samari masu son shan kwana da gudu ba ce. Sitiyarin na lantarki ne, sakayau, ba ya kawo maka labarin abin da taya ke takawa, kuma in ka shiga kwana da ƙarfi jikinta yakan ɗan kwanta. Mai neman wannan wasa, BMW 5 Series ko Marsandi E-Class masu jan baya sun fi ta. Ni dai a hanyar da akuya da ɗan acaɓa ke faɗowa ba sallama, taushin ya fi mini amfani.

Da na yaba, Kawu ya yi dariya ya ce, "Ai Camry ce ta sa babbar riga." Na ce, "Kawu, kun yi gaskiya a kan ta da." Ƙirar 2007 zuwa 2012 a kan ƙashin Camry aka gina ta, amma daga 2013 zuwa 2018 sai aka koma kan na Avalon, wadda ta fi tsawo. Tsakanin tayar gaba da ta baya milimita 2,820 ne, kuma a kujerar baya ake cin ribar wannan tsawo. Maganar tasa dai ba zagi ba ce a wurina, ita ce ma babbar hujjar motar. Lexus reshen Toyota ne na motocin alfarma tun 1989, kuma injin nan shi ne a cikin Camry mai silinda shida, da Avalon, da Highlander, da Sienna, da RX 350 na waɗannan shekaru. Bakaniken da ya san ɗaya ya san saura, kayan inji kuma in ka shiga Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna ba za ka dawo hannu rabbana ba. Ba ta kuma da tsirfar mai. Tun daga ƙirar 2011 kamfanin ya ce fetur na gama-gari ya ishe ta, alhali takwarorinta na Jamus mai tsada suke nema.

Mun wuce Kwanar Ɗangora, inda hanyar Jos ta ɓalle ta dajin Falgore, muka tsaya a Tashar Yari Kawu ya sayi rake. Ɗaurin ya yi tsawo, ga buhun shinkafa da ya ɗauko wa masu biki, ga jakunkunanmu. But ɗin yana da zurfi, ya haɗiye buhu da jakunkuna, amma kujerar baya ba ta kwanciya, wata 'yar kafa ce kawai a bayan abin ɗora hannu. Dole mai raken ya sa adda ya raba shi biyu. Wanda yake ɗaukar dogon kaya kullum ya san da wannan.

A Zariya muka karya kumallo kusa da Kwangila, daga nan Kawu ya sauka daga maganarsa ta safe ya koma baya. Kafin mu kai Jaji ya miƙe ƙafa ya yi barci, hularsa a cinya. Mutum ne dogo, kuma gwiwarsa ba ta kusanci kujerar gaba ba. Sanyin esi yana isa baya ta ƙofofinsa biyu, kujerun gaba kuma suna da fanka a ciki mai hura iska ta ƙananan hudojin fatar. A bazara wannan ba ƙawa ba ce: na sauka a Kaduna bayan rigata a bushe. Abin ɗumama kujera da ke gefensa kuwa sai dai ko da asubar hunturu a Jos.

Abin da bai kwanta mini ba a cikin motar shi ne yadda ake sarrafa allon gaba. Ba taɓa shi ake da yatsa ba, wani ɗan linzami ne kusa da giya, irin na kwamfuta, kana motsa shi kana bin kibiya da ido. A tsaye ba laifi. Kana tuƙi a Mararrabar Jos, tireloli sun yi fakin hagu da dama, yara masu tallar ruwa na ratsawa, ba ka da idon da za ka ba wa kibiya. Allah ya sa esi da ƙarar rediyo suna da maɓallansu na hannu. Taswirar ciki kuwa ta Amurka ce, ba ta san Rigachikun ba. Birkin ajiye mota ma da ƙafar hagu ake taka shi, sai an saba.

Daga Kaduna labari ya canza. A 2018 aka fara aikin sake gina hanyar Abuja zuwa Kano, ɓangaren Kano zuwa Kaduna ya samu, amma lokacin da muka bi, daga Gonin Gora zuwa gaba aiki ne a wurare da dama. Nan a karkatar da ku hannu ɗaya, can kwalta ta ƙare a faɗa jar ƙasa. Hanya ce kuma da ba a son dare ya yi wa mutum a kanta. Sunayen Rijana da Katari sun daɗe a bakin mutane saboda masu garkuwa, shi ya sa da yawa suka koma jirgin ƙasa da aka buɗe a 2016, har shi ma aka kai masa hari a watan Maris na 2022. Yanzu akwai jami'an tsaro a kan hanyar, amma kowa so yake ya wuce da rana tsaka.

Ƙananan ramuka da gargada ba su dame ta ba, shokazoba na shanye su, sai dai ka ji wani dum can nesa. Tayoyin 215/55 ne a kan rim 17, suna da ɗan nama, ba irin siraran nan da rami ɗaya ke fasawa ba, kuma ina ba mai irin motar shawara kada kwalliya ta ja shi ya sa manyan rim. Matsalarta tsayi. Ƙasa take sosai, ga dogon hanci. A wata karkata bayan Katari, inda za a sauka daga sabuwar kwalta zuwa tsohuwa, gaɓar ta yi tsini. Na rage gudu har kamar zan tsaya, na shiga a karkace, taya ɗaya bayan ɗaya, duk da haka sai da muka ji ƙurrr a ƙarƙashi. Kawu ya farka ya ce, "Inna lillahi, me muka taka?" Na sauka na leƙa. Robar da ke rufe ƙasan inji ce ta gogu, kusurwa ɗaya ta saki tana lilo, ba ɗigon mai ko ɗaya. Wata Hilux ta zo ta haye wurin ko birki ba ta taka ba, ta bule mu da ƙura.

A nan ne amsar musun majalisa take, a ganina. In gidanka da wurin aikinka kwalta ce ta haɗa su, motar nan za ta yi maka kullum, har ta fi yawancin motoci sauƙin zama a cunkoso. In kuwa layinku irin wanda damina ke mayarwa kwazazzabo ne, ko maƙwabta sun yi tudun rage gudu kowane gida uku, kullum cikinta zai riƙa gugar ƙasa, kai kuma ranka na ɓaci. Mai irin wannan layi RX 350 ta fi dacewa da shi, inji ɗaya ne, tsayi ne ya bambanta.

Sai mai. Tankinta lita 65 ne. Hukumar kare muhalli ta Amurka ta auna mata mil 31 a galan a babbar hanya, mil 21 a cikin gari, wato wajen kilomita 13 da kilomita 9 a lita. Wannan awo ne na sabuwar mota a titin da ba rami. A tafiyarmu ta kilomita 400 da ɗoriya, da esi a kunne tun daga Kano, ba mu sake shiga gidan mai ba, mun wuce Tafa da Dutsen Zuma allura tana sama da kwata. Doguwar hanya rufa mata asiri take yi. Cikin gari ne take fallasa: daga Zuba zuwa Kubwa muka faɗa cunkoson yamma, ina kallon lissafin da ke gaban sitiyari yana zubewa. Kafin 29 ga Mayu 2023, ranar da Shugaba Tinubu ya ce tallafin mai ya tafi, lita ba ta kai naira 200 a farashin gwamnati ba, kuma ba wanda ke tambayar silinda nawa mota take da su. Zuwa ƙarshen 2024 lita ta haura naira 1,000. Mai albashi da zai shiga da ita aiki kullum ya yi wannan lissafi tun kafin ya je wurin dillali. Akwai 'yar'uwarta ES 300h mai silinda huɗu haɗe da batir, wadda ta fi ta tsimin mai nesa ba kusa ba, sai dai a tabbatar da lafiyar batirin kafin a biya.

Washegari Kawu ya tafi wurin ɗaurin aure da abokansa, ni kuma na kai motar Apo a ɗaure robar nan. Bakaniken ya ɗaga ta, ya sa sababbin ƙusoshin roba, sannan ya haska fitila yana bin ƙasan injin. Famfon ruwa ya fara dubawa, ya ce a wannan inji nan ne yakan fara tsatsafa, kuma alamarsa busasshen ruwan hoda a gefe. Na Kawu a bushe yake. Ya buɗe murfin lagireto ya ga ruwan hoda ne a ciki ba na famfo ba, ya gyaɗa kai ya ce, "Yallaɓai, mai motar nan yana jin magana." Ni ma abin da nake faɗa wa mutane ke nan: kada a bari wani ya cire abin daidaita zafin inji da sunan wai ƙasarmu da zafi, kuma kada a ɗura mata baƙin mai mai kauri. 0W-20 aka rubuta mata, tana shan lita shida da ɗan ɗori, don haka galan ɗaya ba ya isa juye. Injin sarƙa yake da ita ba bel ba, wannan an huta. Filogi uku na baya ne masu wahala, sai an cire bututun shigar iska na sama kafin a kai gare su, shi ya sa kuɗin aikin yake da yawa. Giyar kuma ba ta da sandar duba mai, man Toyota WS take sha, ba wurin gwaji ba ne ga wanda bai san ta ba.

Na tambaye shi me zai fara dubawa in shi ne mai saye. Ya ce lambar jikin mota, mai harafi da lamba 17, a bincika tarihinta, domin da yawa daga cikin masu shigowa daga Amurka sun yi haɗari ko sun sha ambaliya an gyara. Ya ɗaga kafet ɗin but ya shinshina, ya nuna mini inda tsatsa da laka ke ɓuya. Daga nan ya zaro matatar iskar esi daga bayan akwatin gaban fasinja, ta yi jawur da ƙurar hanya. Ya ce sabuwa dubu kaza, na ce ya rage, ya ce ta kamfani ce ba ta bakin titi ba. Na kira Kawu a waya, hayaniyar masu biki na tashi a bayansa, ya ce a saka, kuma in tambaya ko suna da robar goge gilashi, tasa ta fara kuka tun kafin damina ta zo.