Famfon ƙauyenmu: na wane ne, kuma wa ke gyara shi?

A tsakiyar bazarar da ta wuce, lokacin da zafin ƙasar Binuwai ke kai wa inda ko tsuntsu ba ya son tashi da rana, mahaifiyata ta sa aka kira ni a waya daga ƙauye domin ta shaida mini cewa famfon garin ya daina ba da ruwa. Ni ina zaune a Garwa ne, a arewacin Kamaru, saboda aiki, amma a can aka yanke mini cibiya, kuma a can Inna da ƙannena suke. Famfo ɗaya ne tilo a garin, irin wanda ake takawa da ƙafa, kuma tun ranar da ya tsaya mata suka koma gindin rafin da ya ƙafe, suna tona yashi tun kafin asuba, suna jiran ruwa ya tsatso kaɗan-kaɗan a cikin rami su kwarfa da ƙwarya. Kafin mako biyu su cika, yara uku a gidanmu kaɗai sun kwanta da gudawa.

Abin da ya hana ni barci shi ne tambayar da na yi wa Inna, wadda ta kasa amsawa, ni ma da na yi karatun boko na kasa amsawa: a wuyan wa gyaran famfon yake? Lalacewar ƙarfe ba abin mamaki ba ce, kowane ƙarfe yana da ranarsa. Amma garin da ke da mai gari da liman da kwamiti da ƙungiyar manoman auduga, ya shafe makonni bai san ƙofar da zai ƙwanƙwasa ba, wannan ya cancanci a tsaya a dube shi.

Ƙauyenmu ƙarami ne, amma ba na ƙabila ɗaya ba ne. Akwai mu Hausawa, waɗanda kakanninmu fatauci da almajiranci suka kawo su, akwai Fulani masu shanu a bakin gari, sannan akwai Tufuri da Mafa da Mundang da suka gangaro daga yankin Arewa Mai Nisa neman ƙasar noma, kamar yadda dubban iyalai suka yi zuwa kwarin Binuwai tun daga shekarun 1970. A kasuwa da Fulatanci muke ciniki, a gida kowa da harshensa, akwai masallaci akwai coci, kuma duka daga famfo ɗaya muke sha.

A kan wannan ɗan garin, hukuma hawa uku ce. Ta farko ita ce ta gargajiya, wato jauro, mai garin da ke zaune tare da mu, sama da shi lawan, sama da lawan kuma lamiɗo. Dokar shugaban ƙasa ta shekarar 1977 ta kasa sarautun gargajiya zuwa daraja uku, ta kuma mayar da masu riƙe da su mataimakan gwamnati, sannan tun 2013 aka yanka musu alawus na wata-wata: sefa 200,000 ga masu daraja ta ɗaya, 100,000 ga ta biyu, 50,000 ga ta uku. Jauronmu ba ya cikin waɗanda aka rubuta sunansu a wannan jeri, don haka ba ya karɓar ko dala, duk da cewa shi ne ke raba rigimar gona, shi ke sauke baƙo, shi ake tasa da tsakar dare idan shanu sun shiga dawa. Hawa na biyu shi ne na wakilan gwamnati da ake naɗowa daga Yawunde, wato sufurefe mai kula da gunduma, da furefe a samansa, da gwamna. Na uku kuwa, wanda ya fi kowanne shafar maganar ruwa amma mutanenmu suka fi jahilta, shi ne ƙaramar hukuma, wadda muke kira meri, wato magajin gari da kansilolinsa.

Kamaru tana da ƙananan hukumomi 360, kuma a takarda an daɗe da miƙa musu iko. Tsarin mulki na 1996 ya yi alkawarin sauke mulki zuwa ƙasa, dokokin 2004 suka fayyace shi, daga 2010 aka soma miƙa wa ƙananan hukumomi wasu ayyuka a zahiri, ciki har da haƙa rijiyoyi da famfuna da kula da su, sannan a watan Disamba na 2019 aka tattara komai a kundi guda, wanda ya ce kason da gwamnati za ta ware domin wannan tsari kada ya gaza kashi 15 cikin ɗari na kuɗin shigarta. Duk wannan gaskiya ne. Sai dai idan ka tambayi dattijo a ƙauyenmu abin da ya sani game da meri, zai ce maka ita ce mai aiko da yaron da ke yankar tikiti ranar kasuwa, domin wannan ita ce kaɗai fuskarta da yake gani kowane mako.

Na tafi gida ranar Alhamis, washegari bayan an sauko daga masallaci jauro ya tara magidanta a inuwar darbejiyar ƙofar gidansa. Da aka ba ni dama sai na ce, "Ranka ya daɗe, ai lokacin da aka kafa famfon nan an naɗa kwamiti, kuma an ce kowane gida zai riƙa zuba wani abu duk wata. Ina kuɗin yake?" Wuri ya yi tsit. Ma'ajin kwamitin ƙanen mahaifina ne, mutumin da ya goya ni a kafaɗa ina yaro. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Ɗana, ban ci ko sisi ba, Allah ne shaida. Wane ya zo matarsa tana naƙuda za a kai ta asibiti, na ba shi rance. Wane ya yi rashi, na ba shi na likkafani. Daga baya kuma mutane suka daina zubawa, ni kuwa ba zan bi gida-gida ina roƙon yayyena ba."

Na yarda da Baffa, kuma har yanzu na yarda da shi. Ba ɓarawo ba ne, mutum ne da aka ɗora wa amanar jama'a ba tare da an ba shi littafi ko ƙa'ida ko wani da zai tsaya masa idan ya ce a'a ba. A garin da kowa ɗan'uwan kowa ne, hana rance ga mai gawa a gida abu ne da kunya ba za ta bari ba, sai fa in akwai dokar da jama'a suka yi da bakinsu, wadda ma'aji zai jingina da ita. A nan laifinmu yake, kuma ba na son mu ɓoye shi a bayan laifin hukuma. Shekara da shekaru muna kiran famfon "na gwamnati", alhali ba gwamnati ke shan ruwansa ba, kuma wannan sunan ne ya sa kowa ya zare hannunsa.

Ranar Litinin muka hau babur, ni da wakilin jauro da wani malamin makarantar boko, muka nufi hedikwatar ƙaramar hukumarmu. Ba mu sami magajin gari ba, amma wani ma'aikaci ya karɓe mu da mutunci, ya zaunar da mu, ya yi mana bayanin da ban taɓa jin wani ya yi wa mutanen ƙauyenmu ba. Ya ce kasafin kuɗin bana an riga an zartar da shi tun ƙarshen bara, kuma ba a sa gyaran famfonmu a ciki ba domin babu wanda ya rubuto. Ya ce akwai famfuna da dama a yankin da suka lalace kamar namu, kuɗin da suke tarawa daga kasuwanni da ƙananan haraji ba ya wuce albashi da man mota, kason da ake jira daga sama kuma yakan makara, rijiya ta bayar guga ya hana. Ya ƙara da cewa ƙananan gyare-gyare a wuyan kwamitin gari suke, meri tana shigowa ne idan aikin ya fi ƙarfin jama'a. Ban fito da farin ciki ba, amma na fito da sanin inda iyakar kowa take.

A hanyar komawa na yi ta tunanin dalilin da ya sa babu wanda ya rubuto. A nan Kamaru ba a zaɓen kansila mazaɓa-mazaɓa yadda kowane gari zai san nasa. Jam'iyya ce ke kawo jerin sunaye na ƙaramar hukuma baki ɗaya, jama'a su zaɓi jerin, sannan kansilolin su zaɓi magajin gari daga cikinsu. Ƙaramar hukumar da mutanenta ba su kai 50,000 ba kansiloli 25 take da su, ga ƙauyuka da ruga-ruga da suka ninka wannan adadi. A zaɓen watan Fabrairu na 2020 babu ɗan garinmu ko ɗaya a jerin da ya ci, don haka idan majalisa ta zauna, babu bakin da zai ambaci sunanmu. Ba mugunta ce ta sa aka manta da mu ba, rashin mai tunatarwa ne.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne haƙƙoƙin da doka ta ba mu waɗanda ba mu taɓa taɓawa ba. Majalisar ƙaramar hukuma tana zama sau ɗaya a kowane wata uku, kuma zamanta a buɗe yake ga jama'a. Kowane mazauni yana da ikon neman ganin kasafin kuɗi da bayanan zaman majalisa da tsarin raya yankin, ya kuma kwafa da kuɗinsa. Kundin 2019 ya ma ba da damar kafa kwamitocin unguwa da na ƙauye domin jama'a su sa baki a ayyukan da suka shafe su. Amma duk waɗannan da Faransanci ko Turanci aka rubuta su, da Faransanci ake zaman, mutanen da abin ya fi shafa kuwa, matan da ke tonon yashi, ba sa jin ko kalma ɗaya. A ganina mulkin da aka ce an sauko da shi ƙasa ya tsaya ne a hedikwatar ƙaramar hukuma, sauran tafiyar zuwa gindin darbejiya ba a yi ta ba, kuma ba za ta yiwu ba sai an faɗi kasafin kuɗi da Fulatanci da Hausa a bainar jama'a. Haka maganar takardar haihuwa take: ana yin ta a ofishin magajin gari, amma iyaye da yawa ba sa sanin muhimmancinta sai yaro ya kai ajin ƙarshe na firamare an ce ba zai zauna jarrabawa ba, a lokacin kuma sai an bi ta kotu.

Mata ne suka fitar da mu. Goggo, yayar mahaifina, wadda ke riƙe da adashin matan gari shekaru da yawa ba a taɓa jin ƙorafi ba, ta aiko wa jauro cewa matan sun yarda su ba da kwasar wannan watan rance, da sharaɗin a rubuta, a kuma canza yadda ake riƙe kuɗin famfo. Ƙungiyar manoman auduga, wadda ke hulɗa da kamfanin auduga na Sodecoton kuma take da ɗan abin da take ajiyewa bayan an sayar da amfani, ta cika sauran. Aka ɗauko makaniki daga gari, ya buɗe famfon, ya sauya kayan da suka cinye, kafin la'asar ruwa ya fito. Kwana arba'in da ɗoriya muka yi muna wahala a kan gyaran da bai ɗauki yini guda ba.

Zaman da ya biyo baya ya fi gyaran wuya. An yi gardama mai zafi a kan makiyaya, domin wasu manoma sun ce shanu ne ke gajiyar da famfon, Fulani kuma suka ce su ma 'yan gari ne, ba baƙi ba. Jauro ya bar kowa ya amayar da abin da ke cikinsa, sannan ya ba arɗo, shugaban Fulanin ruga, dama, shi kuwa da kansa ya kawo shawarar cewa mai garke ya biya ninki a watannin bazara. Aka amince kowane gida ya zuba sefa 500 a wata, aka yafe wa tsofaffin da ba su da mai yi musu. Aka sa mutum biyar a kwamiti, mata uku maza biyu, an haɗa da ɗaya daga unguwar coci da ɗaya daga ruga. Akwatin yana ɗakin Goggo, makullin yana hannun wata, littafin yana hannun malamin makaranta, kuma ana rubuta shi da boko da ajami domin liman ma ya iya dubawa. An yi doka da bakin kowa cewa ba a ba da rance daga wannan akwati ko da na likkafani ne, aka kuma buɗe wani asusu dabam domin irin wannan lalura. Baffa ne ya fara ɗaga hannu, kuma shi ya bi waɗanda ya ranta wa, har wasu suka soma biya.

Famfo ɗaya bai ishe mu ba, kowa ya san haka, kuma haƙa sabo aiki ne na miliyoyi da ya fi ƙarfin adashi. Saboda haka na rubuta takardar neman famfo na biyu da sunan gari, jauro ya sa hannu, magidanta suka dangwala yatsa, muka manna tambarin kuɗi muka kai meri, na kuma tsaya sai da aka buga hatimin karɓa a kan kwafinmu. Mun je ƙauyen da ke maƙwabtaka da mu mun gaida kansilan da ke zaune a can, muka roƙe shi ya ɗauki maganarmu tamkar ta garinsu, ya ce zai yi. Zaman da za a duba kasafin kuɗin baɗi yana zuwa kafin ƙarshen shekara. Mun shirya mu je mu huɗu mu zauna a kujerun baya, ni da malamin makaranta da arɗo da Goggo, wadda ta ce in zauna kusa da ita in riƙa juya mata duk abin da aka faɗa.