Kwana goma sha ɗaya da kuɗin albasar Kawu suka maƙale

Ranar Alhamis ɗin da ta wuce na miƙa kwamfutar ofis da makulli, bayan shekara uku da wata bakwai a ƙaramin kamfaninmu na fasaha a nan Sakkwato. Waɗanda suka san wurin sun san burinmu: manhajar da za ta haɗa manomin albasa na Wurno, Goronyo da Gada da mai saye daga Kudu kai tsaye, a biya ta waya, babu dillali a tsakani. Ba zan kama sunan kamfanin ba, akwai yaran da har yanzu a can suke neman abincinsu.

Na fara aiki a watan Afrilun 2021, lokacin da kowane matashi mai kwamfuta a Najeriya yake mafarki ido biyu. Wata shida kafin nan kamfanin Stripe na Amurka ya sayi Paystack, kamfanin Najeriya na biyan kuɗi ta intanet, a kan kuɗin da aka ce ya haura dala miliyan 200. A watan Maris na 2021 darajar Flutterwave, shi ma kamfanin biyan kuɗi, ta wuce dala biliyan ɗaya. Kafin shekarar ta ƙare OPay ya samu jarin dala miliyan 400, Wave na ƙasar Sanagal, mai tura kuɗi ta waya, da Andela, mai haɗa masu rubuta manhaja da kamfanoni, kowanne ya samu miliyan 200. Ogan namu, wanda yake zaune a Legas kuma bai fi sau biyu yake leƙo Sakkwato a shekara ba, da waɗannan sunaye yake buɗe kowane taron safiyar Litinin. Yakan ce masu zuba jari lamba suke so su gani: mutum nawa suka yi rajista, naira nawa ta ratsa ta manhaja.

Ni jikan dillalai ne. Tun ina firamare nake zama a gefen Kawu, ƙanen mahaifiyata, ina kallon yadda yake karɓar albasar manoma da amana, ya loda wa baƙon da ya zo daga Anacha ko Fatakwal, ya saukar da shi a gidansa, ya tsaya masa idan kuɗi ba su cika ba. La'adar da ake ganin dillali na ci, kuɗin wannan tsayuwar ce. Na san manomi ba zai miƙa wahalar wata huɗu ga hoton da ke cikin waya ba. Na sani sarai, amma a taro na yi shiru, domin albashi na shigowa kuma ina son a ce ni ma ɗan kamfanin fasaha ne. A Satumbar 2021 da aka rufe layukan waya a ƙananan hukumomi 14 na jiharmu saboda 'yan bindiga, manhajarmu ta zama gawa a garuruwan da muka fi dogara da su. Ko a lokacin ban buɗe baki ba.

Sai ga canjin kuɗi. Farkon 2023 tsofaffin takardun naira 200, 500 da 1,000 suka koma banki, sababbin suka ƙi fitowa, daidai lokacin da albasar rani ta fara shigowa kasuwa. Kawu yana da lodin tirela guda, mai saye yana tsaye, tsabar kuɗi babu, taransifar banki kuma sai ta kwana ba ta shiga ba. Oga yana ta kira cewa wannan ce damarmu, a kawo babban ciniki ko ta halin ƙaƙa domin yana da zama da masu zuba jari. Ni na je har gida bayan sallar isha'i na roƙi Kawu. Ya dube ni ya ce, "Ɗana, wanga abu naku, in kuɗɗi sun ɓace wa zan riƙe?" Na ce, "Kawu, ni za ka riƙe."

Mai saye ya biya ta manhajarmu, tirela ta tashi. Kuɗin suka shiga asusun da muke tara cinikin jama'a, suka zarce iyakar da aka yarje wa asusun, aka riƙe su. Na san da wannan iyaka. Ban taɓa gwada tsarin da kuɗin da suka wuce na buhu ashirin ba, na dai yi fatan za su wuce. Wannan laifina ne, ban taɓa musun sa ba.

Kwana goma sha ɗaya. Manoma bakwai daga Wurno suna zuwa ƙofar gidan Kawu kowace safiya, ba sa faɗa, sai dai su gaishe shi su zauna. Wanda ya san Kawu ya san wannan zaman ya fi zagi ciwo. A rana ta shida ya kai bijimansa biyu Kara ya karyar da su, a lokacin da rashin tsabar kuɗi ya zubar da farashin dabba, ya sallami mutanensa. Ni kuwa ina ta kiran Legas. Da Oga ya ɗauka, a gaban dukkan ma'aikata ya ce ni na karya ƙa'ida, na shigo da babban ciniki ba da izini ba. Saƙonninsa na neman cinikin suna cikin wayata har gobe. Aka yanke mini albashin wata biyu. Abin da ya fi ƙona mini rai, daga baya na ga wannan cinikin a cikin takardar da ya nuna wa masu zuba jari, an rubuta shi a matsayin nasara. Bai taɓa kiran Kawu ya ba shi haƙuri ba.

A waɗannan makonnin ne na zauna na sake duba kamfanonin da muke ta ambato, na ga mun haddace yawan dalolinsu mun manta da aikinsu. M-Pesa, tsarin tura kuɗi ta waya, ya fara a Kenya a 2007 a kan ƙaramar waya mai madannai, kuma ƙarfinsa wakilai ne, masu shago a unguwa da za ka miƙa wa kuɗi ka ga fuskarsu. Wave ya ja mutanen Sanagal da cajin kashi ɗaya cikin ɗari kan tura kuɗi, ya kuma ba wanda ba shi da babbar waya kati. Moniepoint ya fara a 2015 da sunan TeamApt, ya yi shekaru yana gina wa bankuna manhaja kafin ya fito da shuɗiyar na'urar POS ɗin da yanzu take kan teburin mai shayi da mai nama. Lokacin canjin kuɗi, da manhajojin bankuna suka durƙushe, shi da OPay alat ɗinsu na shiga nan take, shi ya sa 'yan kasuwa suka koma gare su. Ba su kori mutumin da ke tsakani ba, na'ura suka ɗora masa a hannu suka mai da shi wakilinsu. Mu kuwa dillalin da ya kamata ya zama wakilinmu na farko, shi muka ɗauka abokin gaba. A Oktoban 2024 da aka sanar Moniepoint ya samu dala miliyan 110, darajarsa ta kai biliyan ɗaya, Oga ya turo labarin a zaurenmu na WhatsApp. A ranar na rubuta takardar barin aiki.

Ga ƙannena da ke fitowa daga Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da sha'awar wannan harka: yawancin jarin da ke shigowa Afirka a ƙasashe huɗu yake tsayawa, Najeriya, Kenya, Masar da Afirka ta Kudu, na Najeriya kuma Legas ce ke kwashe shi, don haka kada ku gina abin da ba zai rayu da kuɗin Sakkwatawa ba. Duk umarnin da ya shafi kuɗin mutane, ku nemi a rubuto muku shi. Kada ku gwada sabon tsari da dukiyar dangi. Idan shugaba bai taɓa kwana a kasuwar da yake son gyarawa ba, ku auna maganarsa kafin ku ɗauka.

Na gama biyan Kawu kuɗin bijimi ɗaya daga albashina, saura ɗaya. Bai taɓa tambaya ba, bai kuma taɓa tayar da zancen a gaban mahaifiyata ba. Yanzu akwai shuɗiyar na'ura a kan bencinsa, kusa da tsohon littafin da yake rubuta buhunan manoma. Jiya ya turo yaro ya ce in same shi kasuwa ranar Litinin da sassafe, idanunsa sun fara gajiya da lissafi.