Kowa da tasa oba-oba

Daren jiya gobara ta tashi a layinmu nan Garwa, wallahi har yanzu jikina bai dawo daidai ba. Mun kira 118, 'yan kwana-kwana sun zo, jandarma ma sun iso, amma abin mamaki kowa riƙe da oba-oba a hannu kuma ba mai jin wani, wai tashar kowa daban! Sai da wani ɗan acaba ya riƙa kai saƙo tsakaninsu, ga rezo ya ɗauke, motar asibiti kuma tana can tana bulayi a bayan kasuwa. Ni dai a ganina a ware musu tasha guda ta gaggawa mana, kowa ya murɗa ya shiga. Alhamdu lillahi ba a rasa rai ba, shagon Baba tela ne dai ya ƙone ƙurmus.