Na je Boonesborough

Wallahi tunda na dawo daga Boonesborough a jihar Kentaki ta Amurka abin ke cina. Katangar gungumen itace ce, ita ma sake ginata aka yi. A Satumbar 1778 mayaƙan Shawnee, wata ƙabila ta 'yan asalin ƙasar, da shugabansu Blackfish suka yi mata ƙawanya wajen kwana goma, har rami suka haƙo daga bakin kogi don su ɓullo ta ƙasa, ruwan sama ya rufta shi, suka haƙura suka janye. Kowa sai yabon Daniel Boone, baturen da ya jagoranci kafa garin, wanda Blackfish ɗin nan ya taɓa kamawa ya mai da shi ɗansa, amma ni gaskiya Shawnee ne suka tsaya min a rai, dajin farautarsu ne fa aka shigo aka kafa gari a ciki.